Masu Tantancewa a Asibitin Alisos

Shafi na 27

Masu aiko mini da saƙo kuna cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa, ku yi haƙuri, dusar ƙanƙara ce ta yanke mana wuta. Ku shigo daga ciki.

*

Har aka tashi daga zaman farko Lucinda ba ta daina murmushi ba.

Dok Eloy, wanda duk gari ke kira Dok ko da yake ba cikakken likita ba ne, ya yi abin da ya saba. Ya tsaya gaban baƙin nan biyu da hukumar tantancewa ta turo, hannunsa a aljihu, ya zayyana musu yadda ya faro shirin horo a ƙaramin asibitin garin Alisos. Nas-nas masu lasisin duba marasa lafiya da mataimakan likita, in sun gama karatu, sai su zo su yi shekara guda a ƙarƙashinsa kafin su tsaya da ƙafarsu. Ya ba su labarin haihuwar da ya taɓa karɓa a bayan motar ɗaukar itace. Ya sa dogon nan Mista Pruitt dariya har da ƙwalla. Madam Halvorsen, shugabar tawagar, ba mai dariya ba ce, amma ita ma sai da bakinta ya motsa.

In baƙin suka gamsu, shirin ya samu shaidar inganci, ɗalibai su ci gaba da zuwa. In ba su gamsu ba, garin ya koma gidan jiya, mai ciwon gaggawa sai ya tsallake tsauni kafin ya ga wanda zai duba shi.

Lucinda Maestas ce nas ɗin da ke cikin shirin bana, ita da Tobias, mataimakin likita. Tun bazara take bin bayan Dok ɗaki-ɗaki, kuma ba ta taɓa jin alfahari da shi irin na yau ba.

Ta kwaso kofunan kofi za ta kai kicin, sai ta ji an riƙo gefen rigarta.

Dok ne.

Ya ja ta zuwa lungun da ake ajiye keken marasa lafiya, ya leƙa hagu, ya leƙa dama.

"Wace ce matar can?"

"Wacce, Dok?"

"Mai furfurar nan. Ta zauna mini a kujera kamar gadonta."

Lucinda ta yi dariya, don duk garin an san shi da barkwanci.

"Kai dai Dok. Bari ta ji ka ta hana mu shaidar."

"Shaidar me?"

Ta dube shi tana jiran ya fashe da dariya. Bai fashe ba. Idonsa a kanta yake, amma kamar wanda ke neman hanya a cikin hazo.

"Dok, masu tantancewa ne. Yanzun nan ka gama yi musu bayani."

"Ni?"

"Kai."

Ya sunkuyo da murya.

"Carmela, kar ki bari su taɓa akwatin allurai. Ban yarda da dogon ba."

Carmela nas ce da ta yi aiki da shi tun kafin a haifi Lucinda. Hotonta na rataye a ɗakin jira, da ranar rasuwarta a ƙasa.

"Lucinda ce, Dok."

Ya ƙifta ido. Ya dubi kofunan, ya dube ta, sai fuskarsa ta dawo daidai kamar an kunna fitila.

"To me kike yi a lungu da kofuna, mihita? Wuce mana. Yau ba ranar laɓe-laɓe ba ce."

Mihita, wato 'yata, haka ya saba kiranta. Ya dafa kafaɗarta ya wuce yana fito.

Ta daɗe a tsaye. Wasa ne? In wasa ne, me ya kawo Carmela? In ba wasa ba ne, wa ya tsaya ɗazu ya riƙe ɗaki guda da baki?

*

A kicin ta samu Tiya Benina, matar Dok, tana juya tukunyar posole, farfesun masara da nama, da za a ba baƙi. Tsohuwar nas ce, yanzu ita ke tsara wanda zai ga wa da lokacin da zai gan shi. Duk ma'aikatan Tiya suke ce mata, kamar gwaggon kowa.

"Ajiye su can, 'yata. Ɗanɗana mini wannan, na ji kamar barkonon ya yi yawa. Mutanen arewacin ƙasar nan ne, ba su saba da yaji ba, kar mu kashe su."

"Tiya, Dok ba shi da lafiya."

Ludayin ya tsaya.

"Ina jin sukarinsa ne ya sauka. Ko kuma shanyewar ɓarin jiki ke neman kama shi. Bai gane baƙin ba. Ya kira ni Carmela. Bari in ɗauko abin awo, ke ki kira mota."

"Rufe ƙofar."

"Tiya, in jini ne ya toshe a kansa ba mu da lokaci."

"Na ce ki rufe ƙofar, Lucinda."

Ta rufe.

Tiya Benina ta rage wutar, ta goge hannu a zanen gabanta, ta dubi agogon bango.

"Sun makara ne. Da sun iso da sassafe kamar yadda aka shirya, da yanzu an gama da shi na kai shi gida. Hanyar nan ce ta cuce mu."

"Ban gane ba."

"Da safe garau yake. Rana na yin tsaka sai ya fara zamewa."



"Ya fara zamewa? Yau kike nufi?"

"Kullum."

"Kullum kamar yaya? Kullum ina tare da shi."

"Na sani."

"To da na gani ai."

Tiya ta jawo kujera ta zauna kamar wadda aka sauke wa kaya, ta ce, "Ciwon mantuwa ne. An gaya mana a birni tun bara. Ni da shi muka je. Shi ya manta an gaya masa, ni aka bari da shi."

Lucinda ta jingina da firij. Kanta ya ɗaure. Ta shiga laluben watannin nan ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda aka ɓoye mata abin, ba ta ga komai ba sai Dok a kujerarsa ta kusurwa, hannu a harɗe, yana kallonta tana duba mara lafiya.

"A'a, Tiya. Ba zai yiwu ba. Mutumin da ke yi mini tambaya a kan kowane mara lafiya?"

"Wace tambaya yake miki?"

"Ya ce, me kika gani?"

"Sai me?"

"Sai in faɗa. Sai ya ce, to me za ki yi?"

"Sai me?"

"Sai in faɗa, sai ya gyaɗa kai."

"Ya taɓa ce miki a'a?"



"Salon koyarwarsa ne," in ji Lucinda, muryarta ta yi ƙasa. "Kowa ya ce haka yake koyarwa. Ba ya ba ka amsa, sai ka nemo da kanka."

"Haka yake koyarwa da. Shekara da shekaru. Shi ya sa tambayoyin suka zauna a bakinsa ko da sauran sun tafi."

Aka turo ƙofa. Tobias ne, da tarin faranti. Ya dubi fuskar Lucinda, ya dubi Tiya, sai ya ajiye farantan a hankali.

"Kin gaya mata kenan."

Lucinda ta juya.

"Ka sani?"

"Lucinda..."

"Ka sani, Tobias?"

"Tun kaka. Na same shi a wurin ajiye motoci yana ƙoƙarin buɗe motar wani."

"Tun kaka muke cin abinci tare a teburin nan. Ka ci gurasar tortiyata, ka ari cajata, ka ba ni labarin budurwarka har na haddace sunan karenta. Wannan ne kawai ya gagare ka faɗa?"

"Tiya ta roƙe ni."

"Wa kuma ya sani? Mai shara? Mai kawo wasiƙa?"

"Mu biyu ne," in ji Tiya.

"Dakta Weiss fa? Shi ne likitan da ke sa hannu a kan aikin Dok."

"Ranar Alhamis da safe yake zuwa. Su sha kofi, su yi hirar kamun kifi, ya koma. Ni na zaɓar masa safiya."

Lucinda ta kama kanta da hannu biyu.

"Ku tsaya. Ku tsaya in gane. Tobias yana duba marasa lafiyarsa da safe tare da Dok. Ni kuma kullum da yamma kike haɗa ni da shi."

"E."

"Don me?"

Tiya Benina ta ɗago ta dube ta ido cikin ido.

"Don hannunki ya fi na Tobias nutsuwa. Ka yi haƙuri, ɗana, gaskiya ce."

"Ban musa ba," in ji Tobias.

"Ban taɓa barinsa shi kaɗai da mara lafiya ba tun da aka gaya mini. Ko sau ɗaya. Kullum kina ɗakin. Ke kin ɗauka shi ke kula da ke, 'yata. Ke ce ke kula da shi."



Komai ya dawo wa Lucinda. Duk maganin da ta rubuta. Duk yaron da ta sallama gida da zazzaɓi. Duk wanda ta ce wa ba sai ka tsallake tsauni ba, dawo jibi. Tana yi gabanta gaɗi ne don ta san akwai babba a kusurwa, in ta karkace zai tare ta. Ashe kujerar ce kawai da mutum a kai.

Sai wani suna ya faɗo mata.

"Sixto Gallegos."

Tobias ya sunkuyar da kai.

Tsoho ne mai kiwon tumaki. Ya zo yana cewa cikinsa ke ƙuna tun da ya ci wake. Lucinda ta duba shi, ta yi tunanin ko a yi masa awon zuciya, amma na'urar tana ɗakin Tobias, shi kuma tsohon yana ta sauri wai tumakinsa na waje. Ta ce gyambon ciki ne. Ta juya ta dubi Dok. Washegari Sixto ya cika a motar ɗansa, a kan hanyar babban asibiti. Zuciya ce.

"Na dube shi, Tiya. Na ce masa ina ganin ciki ne. Ya gyaɗa kai. Ya ce, kin gani da kyau, mihita."

"A ranar garau yake."

"Kin tabbata?"

"Na ce miki garau yake."

"Da yamma ne. Rana ta kusa faɗuwa. Na tuna, don sai da na kunna fitilar ɗakin."

Tiya ta kawar da kai.

"Na je jana'izarsa," in ji Lucinda. "Matarsa ta rungume ni. Na iya tsayawa a cocin nan ne don na ce wa kaina, mutumin da ya shekara talatin yana wannan aikin ma abin da ya gani kenan. Da wannan nake barci."

"Ko likitan birni yana iya kuskuren nan," in ji Tobias.

"Likitan birni ya san shi kaɗai ne a ɗakin. Ni ban sani ba. Da na sani da na je na ɗauko na'urar."

"Da na gaya miki da hannunki ya yi rawa," in ji Tiya. "Ko ki tattara ki koma birnin Albuquerque. Wa zai duba mutane?"

"Ba ke za ki zaɓar mini ba."

"Ba ni ba ce. Amma na zaɓa, kuma zan amsa a gaban Allah." Ta miƙe ta matso. "Saurara. Akwai wata ƙwararriya a jihar Arizona da ta yarda ta zo ta karɓi shirin daga hannun Eloy. Sharaɗinta ɗaya, sai in shirin yana da shaidar hukuma. Ba za ta kwaso 'ya'yanta ta zo wurin da gobe za a rufe ba. Yau kawai nake roƙo. A ba mu shaidar, ta zo, in kai mijina gida da mutuncinsa, a yi masa liyafa, ya zauna yana ba jikoki labari. Ko kuwa so kike baƙi su rubuta a rahoto cewa Eloy Tafoya bai san inda yake ba?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Tiya. Aikinsu kenan, su gano wa ke kula da mu."

"Ba na ce ki yi ƙarya ba."

"To me kika ce?"

"In ta tambaye ki yana ɗakin, ai yana ɗakin."

Lucinda ta yi wata 'yar dariya da ba ta san daga inda ta fito ba. Ta dubi Tobias.

"Kai me ka ce musu?"

"Na ce yana duba aikina kowace safiya. Kuma yana dubawa. Jiya ma ya kama ni na kusa ba wata mata maganin da bai dace da ƙodarta ba."

"Jiya?"

"Jiya da safe."

Nan kanta ya ƙara ɗaurewa. Ashe yana nan. Ashe ba ya nan. To a ranar Sixto wanne ne a kujerar? In wanda ya kama kuskuren Tobias ne, ba ta da laifi ita kaɗai. In wanda ya kira ta Carmela ne... Kuma ba wanda zai iya gaya mata, har shi kansa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Pruitt ya leƙo yana shaƙar ƙamshi.

"Ni dai in an ba ni kwano biyu na wannan, na sa hannu a komai." Ya yi dariya shi kaɗai. "Malama Maestas, Madam na jiranki. Ke ce ta ƙarshe kafin abinci."

Tiya Benina ta juya ga Tobias da sauri.

"Je ka nemo mini Eloy, ka ce ina son ya ɗanɗana mini gishiri."

Da Lucinda za ta fita, tsohuwar ta gyara mata wuyan riga.

*

A ofishin Dok aka yi zaman. Madam Halvorsen ta nuna mata kujera, ta cire tabarau.

"Ki saki jiki. Ba ke muke tantancewa ba, shirin muke tantancewa. Abin da kika faɗa a nan ba za a jingina shi da sunanki ba."

"To."

"Kina jin daɗin zaman garin?"

"Ina ji. Mutanen kirki ne."

"Na ga alama. Wata tsohuwa ta tare ni a waje ta ce in na rufe musu asibiti za ta bi ni har gida da sanda." Ta ɗan murmusa. "Na duba wasu fayilolinki. Aikinki a tsare yake. Ba kasafai nake ganin sabon hannu yana yanke shawara haka ba tare da kame-kame ba. An koya miki da kyau."



"Na gode."

"Ni ma a ƙauye na fara, kin gani. Shekarata ta farko ba kowa a kaina. An ba ni mabuɗi aka ce Allah ya taimaka. Akwai fuskokin da har yau nake gani. Shi ya sa na karɓi wannan aikin, don kar a sake yi wa wani yaro abin da aka yi mini." Ta mayar da tabarau. "To gaya mini. In kina duba mara lafiya, Mista Tafoya yana ina?"

"Yana ɗakin."

"Kullum?"

"Kullum."

"Madalla. Ba ko'ina ake samun haka ba. Yanzu ba ni misali ɗaya. Lokacin da kika yanke wata shawara, shi kuma ya ce a'a, ya juya ki."

Lucinda ta dubi bango. Takardun shaidar Dok ne a jere, da hoton ɗaliban da suka wuce, kowa na dariya. Ta ji muryar Tiya a ranta. Ta ga hular Sixto a kan akwatin gawa. Ta nemi misali ko guda, ko na ƙarya, ƙwaƙwalwarta ta ƙi ba ta.

"Kowanne ne ma," in ji Madam. "Ƙarami ma ya isa."

"Yana... yawanci tambaya yake yi."

"Na gane. Amma mai koyo dole wata rana ya kauce. Ranar da kika kauce, me ya ce?"

Lucinda ta sake duban bango.

Madam Halvorsen ta ajiye alƙalaminta a hankali.

"Malama Maestas, lafiya kuwa? Fuskarki ta canza."

"Madam, in na tambaye ki wani abu..."

"Ina ji."

"In aka samu shirin da komai nasa daidai ne, mutanen kirki, aiki na tafiya, gari na buƙata, amma abu guda..."

Aka turo ƙofar ba ƙwanƙwasawa.

Tobias ne, yana haki. Ya ga Madam, ya yi ƙoƙarin daidaita fuska, abin ya ƙi.

"Ku gafarce ni. Lucinda, zo."

"Muna tsakiyar magana, Malam Tobias," in ji Madam.

"Na sani. Lucinda, matar Montoya ce ta kawo jaririnta yana shiɗewa. Ba kowa a gaba, Dok ya karɓe shi daga hannunta. Ya ɗauki akwatin allurai ya shiga ɗaki na uku. Ya kulle ƙofar ta ciki."

Lucinda ba ta san ta miƙe ba sai da kujerarta ta faɗi.

Madam Halvorsen ta dubi Tobias, ta dubi Lucinda. Ita ma ta miƙe, amma a hankali, ta tsaya tsakaninsu da ƙofa.

"Ku tsaya. Shugaban shirinku, wanda ya fi ku duka ƙwarewa, yana tare da yaro mara lafiya."

Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"To me ya sa kuke tsoro?"